Adireshin haya ko na kai: Yadda ake raba lambobin intanet, da abin da ya shafi Titin Koudoukou a Bangui

Titin Koudoukou ya ratsa unguwar Kilomita Biyar, wadda aka fi sani da PK5, a gunduma ta uku ta birnin Bangui. A nan ne babbar kasuwar birnin take, a nan ne kuma Babban Masallacin da Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamban 2015. Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi sun daɗe suna kasuwanci a unguwar, kuma akasarin hajarsu daga tashar jiragen ruwa ta Douala take fitowa, ta bi ta Garoua-Boulaï da Béloko da Bouar kafin ta iso rumfa.

A yau wani ɓangare mai yawa na wannan ciniki ya koma cikin waya. Ana turo hoton atamfa ta WhatsApp, a yi ciniki da murya, a biya ta Orange Money ko ta banki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan saƙonni yana fita ne ɗauke da wata lamba da ake kira adireshin IP. Mai rumfa bai san lambar ba, ba ya kuma buƙatar saninta. Amma ga bankin da ke riƙe kuɗinsa, da jami'ar da ɗansa ke karatu, da asibitin da ke ajiye bayanan iyalinsa, tambayar wanda ke da iko da wannan lamba tana iya zama bambanci tsakanin aiki ya ci gaba ko ya tsaya cik ranar da layi ya yanke.

Mene ne adireshin IP, wa ke raba shi?

Intanet ba ta san suna ba, lamba ta sani. Duk na'urar da za ta aika saƙo ko ta karɓa sai ta kasance da adireshi. Tsohon tsarin lambobin, wato IPv4, yana ɗauke da adiresoshi kusan biliyan 4.3. A shekarun 1980 an ɗauka ba za su ƙare ba. Yau mutanen duniya sun haura biliyan 8, da yawa daga cikinsu kuma suna da na'ura fiye da ɗaya. Sabon tsarin, IPv6, yana da yawan da ba a fargabar ƙarewarsa, sai dai sauya sheƙar na tafiyar hawainiya.

Rabon yana bin tsani hawa uku. A sama akwai IANA, sashen da ke ƙarƙashin hukumar ICANN mai hedikwata a Los Angeles ta Amurka. IANA ba ta ba kamfani ko ƙasa kai tsaye. Tana miƙa manyan rukunai ga hukumomin rajista guda biyar, kowacce da yankinta: RIPE NCC a Amsterdam mai kula da Turai da Gabas ta Tsakiya da Tsakiyar Asiya, APNIC a Brisbane mai kula da Asiya da yankin Pasifik, ARIN mai kula da Amurka da Kanada, LACNIC a Montevideo mai kula da Latin Amurka, sai AFRINIC mai kula da Afirka. AFRINIC ce auta. An amince da ita a watan Afrilun 2005, ofishinta yana Ebène a tsibirin Moris, shugabanta na farko kuma ɗan ƙasar Togo ne, Adiel Akplogan. Adiresoshin da suka fara da 41 ko 102 ko 105 ko 197 daga rumbunta suka fito.

A hawa na uku ne kamfanonin sadarwa suke. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya su ne irin su Orange da Telecel da Moov Africa da kamfanin gwamnati Socatel. Kamfani yana karɓar rukuni, sannan ya gutsura wa abokan cinikinsa.

Abin lura ga al'ummar da ke warwatse a ƙasashe da dama shi ne wannan taswira ba ta bi iyakokin siyasa ba. Bangui da Kano da Maraɗi da N'Djamena da Kumasi da Khartoum duk hukuma ɗaya ce ke kula da su, babu ruwanta da wace ƙasa ke CEMAC, wace ke ECOWAS, wace ta fice. Amma Jidda da Dubai suna ƙarƙashin RIPE NCC, Guangzhou kuma tana ƙarƙashin APNIC.

Rumfar haya da rumfar kai

Adiresoshin da ƙungiya ke amfani da su iri biyu ne. Na farko su ne waɗanda kamfanin sadarwa ya gutsuro daga nasa rukunin, ana kiransu PA. Kamar rumfar haya suke: muddin ana tare da mai rumfa ana zaune, ranar da aka rabu sai a miƙa mabuɗi. Na biyu su ne waɗanda hukumar rajista ta rubuta da sunan ƙungiyar kanta, ba tare da an ɗaure su da wani kamfani ba. Ana kiransu PI, wato adiresoshi masu zaman kansu. Duk kamfanin da ƙungiyar ta koma, da lambobinta take tafiya.

Ga mai sayar da takalma ko mai cajin waya, rumfar haya ta wadatar. Galibin wayoyin hannu ma ba su da adireshin IPv4 nasu su kaɗai, domin kamfani yana haɗa ɗaruruwan mutane a bayan adireshi guda saboda ƙarancin lambobi. Matsalar tana fara bayyana ne a wurin da wasu ke nemowa daga waje. A ɗauki banki mai rassa da na'urorin cirar kuɗi. Abokan hulɗarsa na ƙetare, kamar kamfanonin katin kuɗi da na aika kuɗi, sun rubuta adiresoshinsa a jerin waɗanda suka amince da su, duk saƙon da ya zo daga wata lamba daban kuma sai su rufe masa ƙofa. Idan bankin ya ga kamfanin sadarwarsa ya tsawwala farashi ko layinsa ya cika yankewa, sauya kamfani na nufin sauya lambar kowace na'ura, da bin abokan hulɗa ɗaya bayan ɗaya su gyara jerinsu. Aiki ne na makonni, wani lokaci watanni. Da yawa sukan haƙura su zauna, kamfanin kuma ya san ba za su tashi ba.

Amfani na biyu ya fi na farko nauyi. Mai adiresoshin kansa yana iya jona layi da kamfanoni biyu ko uku a lokaci guda, ya sanar da duniya cewa ta kowace ƙofa aka biyo za a same shi. Idan layi ɗaya ya mutu, saƙonni su karkata ta ɗayan ba tare da an taɓa komai ba. 'Yan kasuwar PK5 sun san hatsarin dogaro da hanya guda. Daga Disambar 2020 zuwa Fabrairun 2021, lokacin da 'yan tawaye suka datse hanyar Béloko, ɗaruruwan manyan motoci sun maƙale a Garoua-Boulaï, farashin kaya ya yi tashin gwauron zabi a Bangui. Intanet ma ta ga irin wannan rana: a 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun lalace a gaɓar Yammacin Afirka, bankuna da ofisoshi a ƙasashe da dama suka shiga duhu. Waɗanda ke da wata mafitar ne suka fi saurin farfaɗowa.

Ga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya wannan batu sabo ne, domin ƙasar ba ta da gaɓar teku, kuma ta daɗe tana dogaro da tauraron ɗan'adam mai tsada. A 2023 ne aka ƙaddamar da layin fiba na ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 900, wanda Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai suka ɗauki nauyinsa, ya haɗa ƙasar da Kamaru da Kwango Brazzaville. Mafita biyu ke nan. Amma mafita biyu ba su amfanar ƙungiyar da adireshinta ke ɗaure da ƙofa guda.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a sani. Adireshin PI ba mallaka ba ce irin ta fili mai takarda. Izinin amfani ne, wanda ake biya wa kuɗin shekara, ana kuma iya janye shi idan an saɓa yarjejeniya. Sannan shi kaɗai ba ya ƙara wa intanet sauri ko rage mata tsada. Yana buƙatar lambar shaida ta cibiyar sadarwa, wadda ake kira lambar AS, da na'urorin da suka iya tsarin BGP na sanar da hanyoyi, da injiniyan da ya san aikin.

To, me ya hana a ba kowa?

Amsar tana cikin yadda saƙo ke gano hanya. Direban da ya ɗauko kaya daga Douala ba ya buƙatar sanin kowace rumfa a Bangui. Ya san hanyar Bangui, idan ya iso 'yan dako su ƙarasa. Haka manyan na'urorin da ke jagorantar saƙonni a duniya suke aiki: suna riƙe layi guda a kundinsu don dukan rukunin kamfani, dubban abokan cinikin kamfanin kuma suna ɓoye a ƙarƙashin wannan layi. Amma kowane rukunin PI layi ne na daban, wanda dole kowace babbar na'ura, daga Legas har Tokyo, ta haddace.

Ke nan mai PI yana cin moriya, duniya ce ke biyan kuɗin haddar. Kundin ya riga ya yi ƙiba. Ranar 12 ga Agustan 2014, da layukan IPv4 suka haura kimanin 512,000, tsofaffin na'urori da dama sun kasa ɗauka, aka samu katsewar sadarwa a wurare daban-daban. Yau layukan sun zarce 900,000. Shi ya sa kamfanoni suka saba da ƙin karɓar sanarwar duk rukunin IPv4 da bai kai adiresoshi 256 ba. Ba wata gwamnati ce ta kafa wannan iyaka ba, al'ada ce ta masu sana'ar, amma ta fi doka ƙarfi: rukunin da aka ƙi sanarwarsa tamkar gida ne da babu hanyar zuwa.

A nan ne buƙatar daidaitawa ta taso. Idan yanki ɗaya ya buɗe hannu yana ba duk wanda ya tambaya, sauran yankuna huɗu ne za su ɗauki kayan. Idan kuma ya raba rukunai ƙanana fiye da abin da sauran suka yarda da shi, jama'arsa za su riƙe lambobin da ba sa zuwa ko'ina.

Yankuna biyar, dokoki biyar

Tarihin IPv6 ya nuna yadda wannan daidaitawa ke gudana. A 2002 hukumomin da ke akwai a lokacin, APNIC da ARIN da RIPE NCC, sun amince da rubutu guda na rabon sabbin adiresoshin. Rubutun bai yi tanadin PI ga ƙungiyoyi ba, domin injiniyoyi na son sabon kundin ya fara da tsabta. Bankuna da jami'o'i da manyan kamfanoni suka ja baya: ba za su koma sabon tsari su rasa 'yancin da suke da shi a tsohon ba. ARIN ce ta fara sassautawa a 2006. AFRINIC ta bi a 2007. RIPE NCC ba ta amince ba sai 2009. Kowace ta yi muhawararta, ta rubuta sharuɗɗanta, amma duk suka tsaya a kan ma'auni guda na mafi ƙanƙantar rukuni, wanda ake rubutawa /48, shi ne kuma kamfanonin duniya suka karɓa.

Bambance-bambance sun ci gaba. A yankin RIPE NCC mai neman PI yakan bi ta hannun wani mamba da zai tsaya masa, a Afirka kuwa ƙungiya tana shiga AFRINIC kai tsaye a matsayin mamba mai amfani da adiresoshin don kanta. RIPE NCC ta daina ba ƙungiyoyi sabon PI na IPv4 tun Satumban 2012. AFRINIC ta ci gaba da bayarwa, amma da mudu ƙarami: tun 13 ga Janairun 2020 mai nema ba ya samun ƙasa da 256, ba ya kuma samun fiye da 1,024 a karo guda. Kamfanin sufuri ko na aika kuɗi da ke da ofis a Bangui da Kano da Dubai zai tarar da doka guda a biranen biyu na farko, wata daban a na uku.

Akwai dokokin da suka game duniya, amma ba su da yawa, kuma sun taƙaita ga abin da ke tsakanin IANA da hukumomin biyar. Kafin irin wannan doka ta tabbata sai kowane yanki ya amince da rubutu iri ɗaya, sannan hukumar gudanarwar ICANN ta sa hannu. Mafi muhimmanci ga Afirka ita ce wadda aka tabbatar a 2009, wadda ta ce idan manyan rukunan IPv4 suka rage saura biyar, kowace hukuma ta ɗauki ɗaya. Ranar 3 ga Fabrairun 2011 aka yi rabon. Kason Afirka shi ne rukunin da ya fara da 102, mai adiresoshi kimanin miliyan 16.7. Da an bar abin ga mai saurin hannu, da wuya nahiyar ta ga ko ƙyallinsa, domin APNIC ta kai ga rukuninta na ƙarshe watanni biyu kacal bayan rabon.

Batun PI ba ya cikin wannan aji. Kowane yanki ne ke yanke nasa, daidaitawar kuma ta dogara ne ga tuntuɓar juna, da ƙungiyar NRO da ta haɗa hukumomin tun 2003, da mutanen da ke kai shawara iri ɗaya daga wannan yanki zuwa wancan.

Ragowar Afirka da masu zawarcinta

Da rumbunan sauran yankuna suka ƙare, ARIN a Satumban 2015, RIPE NCC a Nuwamban 2019, adireshin IPv4 ya zama haja. Farashin guda ya taɓa haura dalar Amurka 50 a kasuwar bayan fage da ta fili. Sauran hukumomi huɗu sun buɗe ƙofar sauya wa adiresoshi hannu tsakanin yankuna, yayin da dokar da AFRINIC ta amince da ita a 2017 ta halatta hakan a cikin Afirka kawai. Inda abu ke da araha a nan, da tsada a can, ba a rasa masu leƙe.

A 2019 bincike ya bankaɗo cewa an karkatar da adiresoshi ta hanyar sauya bayanan rajista daga cikin gida. Binciken da AFRINIC ta yi daga baya ya ƙiyasta su fiye da miliyan 4. Sai kuma rikici da kamfanin Cloud Innovation mai rajista a Seychelles, wanda ke riƙe da adiresoshi fiye da miliyan 6. AFRINIC ta zarge shi da ba da su haya a wajen nahiyar saɓanin abin da ya nema dominsa, kamfanin kuma ya musanta cewa ya karya wata doka, ya garzaya kotu. A Yulin 2021 kotu a Moris ta rufe asusun hukumar na banki, ba a buɗe ba sai Oktoba. A 2022 hukumar gudanarwarta ta rasa adadin da ake buƙata don zartar da hukunci, a Satumban 2023 kuma Kotun Ƙolin Moris ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya. An soke zaɓen da aka yi a Yunin 2025 bayan ƙorafi kan takardun wakilcin masu jefa ƙuri'a, sai a Satumban shekarar aka zaɓi sabbin shugabanni.

A tsawon waɗannan shekaru babu wanda zai sa hannu a kan sabuwar doka, an kuma samu tsaiko wajen duba buƙatun masu nema. Wanda ya fi jin jiki shi ne wanda ya zo a makare, irin ƙasar da fibarta ta iso a 2023. Rikicin ya kuma tona wani giɓi: takardar ICP-2 ta 2001, wadda ta shimfiɗa sharuɗɗan amincewa da sabuwar hukumar rajista, ba ta faɗi abin da za a yi idan hukuma ta durƙushe ba. Hukumomin biyar da ICANN sun shiga aikin sake rubuta ta.

Abin da ƙungiya za ta duba

Ƙungiyar da ke tunanin neman adiresoshin kanta za ta fara da tambaya ɗaya: idan layinta ya yanke na yini guda, wa zai cutu? Idan amsar ita ce marasa lafiya, ko masu ajiya a banki, ko ɗaliban da ke rajistar jarrabawa, batun ya cancanci a zauna a kansa. AFRINIC tana neman shaidar cewa ƙungiyar tana da rajista a ƙasar da ke yankin, da bayanin yadda za a yi amfani da lambobin, da kuɗin shiga da na shekara. Yana da kyau a tambayi kamfanonin sadarwa tun farko ko za su yarda su sanar da rukunin da ba nasu ba, a kuma nemi IPv6 tare da IPv4, tunda tsohon rumbun yana dab da ƙarewa.

Hukumar ARCEP da ke sa ido kan sadarwa a ƙasar ba ita ke raba adiresoshi ba, haka ma takwarorinta a Nijar da Najeriya da Kamaru. Abin da gwamnati za ta iya shi ne buɗe gasa a kan layin fiba, da tallafa wa mahaɗar intanet ta cikin gida, inda kamfanoni ke musayar saƙonni ba sai sun kewaya ta Turai ba. Najeriya tana da IXPN mai reshe a Kano, Kamaru tana da CAMIX a Douala da Yaoundé, AFRINIC kuma ta keɓe adiresoshi na musamman don irin waɗannan mahaɗu.

Su dokokin rabon kuwa ba ministoci ke rubuta su ba. Tsarin AFRINIC ya ba kowa damar kawo shawara ko sukar ta wani, ko mamba ne ko ba mamba ba, kuma ana yanke hukunci ne ta hanyar fahimtar juna a taruka na bainar jama'a. Afirka ta Tsakiya tana da kujera guda a hukumar gudanarwa, kamar sauran shiyyoyi biyar na nahiyar. Malamin kwamfuta a Jami'ar Bangui, ko matashin da ke haɗa wa shagunan PK5 intanet, yana da 'yancin magana daidai da injiniyan babban kamfani a Johannesburg. Muhawarar da ke gaba, ta yadda za a raba ɗan abin da ya rage, za ta fi shafar ƙasashen da kimanin mutum ɗaya cikin goma ne ya hau intanet, domin sauran taran ne za su buƙaci lambobin gobe.